TAGA A ƘEYAR DABO

Shafi na 19

Masu karatun da ke cewa na manta da Dabo kwana huɗu ban leƙa shi ba, na ji, kuma na karɓi laifina. Sai dai ku tuna shi wata takwas ya yi a ɗakin nan ana ce masa gobe za a leƙo. Wannan shafin na duk wanda ya taɓa doguwar jinya ne, irin wadda har masu gaisuwa suke gajiya.

*

Juma'a ce kaɗai ranar da Dabo ya sani da sunanta. Sauran kwanakin sun cakuɗe masa tun da aka dawo da shi Sabo, unguwar Hausawa ta Badun, daga asibitin Turawa, aka ajiye shi a ɗakin baya na gidan maigidansa Maikuɗi, inda a da ake jibge ganyen ɗaurin goro. Har yau ɗakin warin ɗanyen ganye yake yi.

Wata takwas ke nan da huhun goro ya zamo daga bakin taragon jirgi ya sauka masa a wuya kafin ya gama gyara gammo. Likita ya tsaga masa ƙwauri, ya yanko ɗan ƙashi kamar tsinken tsire, ya dasa masa a wuya, sannan ya kulle shi cikin siminti tun daga goshi da haɓa har ƙirji. Fuska da tsakar kai kawai aka bar masa a waje. Aka ce wata uku ƙashin zai kama.

Wata uku ya zo ya wuce.

Aka ƙara biyu.

Aka sake ƙarawa.

Ƙashi dai ya ƙi kamawa, ga shi yanzu yatsu biyu na hannunsa na hagu sun fara mutuwa. In ya ɗauki moɗa da hannun, sai ya ɗago ta saitin idonsa kafin ya yarda yana riƙe da ita.

A watan farko ƙofar ɗakin ba ta rabuwa da takalma. 'Yan dakon tasha su zo, fatake baƙin Maikuɗi su leƙo, har liman ya taɓa zuwa ya yi addu'a. A wata na biyu suka koma tsayawa daga bakin ƙofa, a ce ya jiki, a ce Allah ya sawwaƙe, a wuce. Daga na uku kuma sai saƙo, wai wane ya ce a gaishe ka. Ni dai ban ga laifinsu can can ba. Ɗan dako ya fita da asuba ya dawo wuyansa na zogi, ba ya son ya shiga ɗaki ya tarar da abin da zai iya samunsa gobe zaune a kan tabarma yana kallonsa. Wasu kuma farin simintin ne ba sa so, wai likkafani yake tuna musu.

Iya Lami mai tuwo ce take kawo masa abinci safe da yamma. Ta dire akushi, ta ce, "Pele, Dabo," irin sannun Yarabawa da ta zauna mata a baki saboda daɗewa a Badun, ta kwashi na jiya, ta fita da sauri don wuta na jiran ta.

Sauran yinin shi da bango ne.

Ya san tsagar bangon nan tun daga inda ta fara har inda ta ɓace. Ya san lokacin da tururuwa ke fitowa daga cikinta da lokacin da suke komawa. Sabo gaba ɗaya ta koma masa ta kunne: kukan jirgin Arewa, muryar Maikuɗi a zaure yana ciniki, matan unguwar Mokola masu tallan eko, wato agidin Yarabawa, ruwan sama a kan kwano. Kaɗaici ya ci shi har ya daina jin kunyar yin magana shi kaɗai.

Amma yau Juma'a.

Tun kafin hantsi ya ɗaga ya kasa kunne, har ya jiyo abin da yake jira: ƙahonni suna bugun juna a cikin zabira, ƙwal-ƙwal, ana tahowa ta lungun rijiya.

"Salamu alaikum, sarkin masu sulke."

"Amin, wa alaikumus salam. Baba, ka makara."

"In na makara ina za ka? Kana da unguwa ne?"

Babandi wanzami ke nan, tsoho gajere, Bakatsine. Yana cikin waɗanda suka sare dajin wurin nan shekara goma sha takwas da suka wuce aka kafa Sabo, kuma ba ya bari kowa ya manta. Surutu kuwa ba a magana, in ya kama kanka sai ka ji labarin unguwa kaf kafin ya sake ka.

Haɗuwarsu ta samo asali ne a wata na uku. Babandi ya zo yi wa baƙin Maikuɗi aski, sai ya riƙa jin ana buga wani abu a bango ta baya, gum, gum, gum. Ya zagaya ya tarar da ƙato yana goga ƙeyar simintinsa a bango yana hawaye. Zufa da ƙwarƙwata sun taru a ciki, ƙaiƙayi ya kusa haukata shi, ba kuma ta inda yatsa zai shiga. Tsoho ya yi tsaki, ya zagi aikin Bature da ya rufe ɗan Adam ruf kamar tulu, ya zaro ƙaramar wuƙarsa.

A ranar aka yi tagar.

Yau ma kamar kullum, Babandi ya juya Dabo ya fuskanci bango don hasken ƙofa ya sauka a ƙeyarsa. Ya bi tsohon layin yankan da bakin wuƙa, tun daga bayan kunne zuwa kafaɗa, ya ɗago ɓallin simintin kamar mai ɗaga murfin tukunya, ya ajiye a kan tabarma.

Iska ta taɓa fatar.

Dabo ya lumshe ido.

Tsoho ya sosa masa wurin a hankali, gefe da gefen tabon ɗinki, ya tsince ƙwarƙwata, ya wanke da ruwan ɗumi. Sannan ya dafa masa kai da hannun hagu, irin dafawar wanzamai, ya sunkuyar da shi gaba, ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu, aska tana bi. Ai tun tuni ya kankare bakin simintin haɓa don ya ji daɗin gyara masa gemu, saboda haka kan yana juyawa yadda ake so. Duk karkatawar da aka yi sai wani abu ya tsarga wa Dabo tun daga wuya har yatsu, ya cije leɓe.

Aka zo kan ƙaho. Babandi ya yi 'yan tsagogi, ya kafa ƙaho biyu, ya zuƙe, ya toshe bakinsu da danƙo. A ganinsa mataccen jini ne ya kwanta a wurin ya hana ƙashi kamawa, kuma shi zai janye shi kaf.

To wannan lokacin ne Dabo yake rayuwa dominsa. Ƙaho na ja, tsoho ya miƙe ƙafa a bayansa, hannu ɗaya a kan kafaɗarsa, yana zuba. Ya ba shi labarin wani Bafillace da ya kawo shanu a ƙasa tun daga Ilori ya yi rigima da mahauta, da mesar da aka kashe a bakin rafi, da yadda aka kusa dambe a kan wa zai hau ya gyara rufin masallaci. Dabo yana dariya ƙasa-ƙasa don kada ƙahon ya faɗo.

Ba su ji sallama ba, don ba a yi ba.

Hasken ƙofa ne ya dushe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Muryar Iya Lami ce, kuma ba lokacin tuwo ba ne. Dabo bai gan ta ba, bango kawai yake gani.

Abin da ya kawo ta shi ne, shekaranjiya Laraba ita ta raka shi asibiti, don Maikuɗi bai sami wanda zai aika ba, ita kuma tana jin Yarabanci kamar 'yar gari. Da aka gama dubawa, tafintan likita, wani Bayarabe mai farin wando, ya ja ta gefe ya yi mata magana doguwa. Kwana biyu tana juya maganar a ranta. Yau ta bar wa maƙwabciya tukunya, ta lallaɓo ta ga da idonta.

"Malam Babandi, ashe kai ne?"

"Ni ne wa? Lami, matsa daga ƙofa, kin tare mini haske."

"Mene ne wannan a kan tabarma?"

"Murfi ne. In na gama zan mayar, in liƙe da ƙaro, in shafe da farar ƙasa. Ko likitan da ya yi shi ba zai gane ba."

"Ya gane."

Ta shigo. Dabo ya ji ƙarar warwaronta ta tsaya dab da kunnensa.

"Ya gane tun tuni. Da ƙaron da farar ƙasar duk ya gani. Wanda yake yi ne bai sani ba. Ni ma na ɗauka wani maɗori ne ake shigo da shi a ɓoye. Ashe dattijo ne da furfurarsa."

Babandi ya yi dariyar da bai kamata ya yi ba. Ya ce ita da ta san tuwo ta tsaya a kan tuwo. Ya ce shi a wurin ubansa ya gaji ƙaho, ubansa a wurin kakansa, kuma shekara arba'in yana janye mataccen jini tun Bature bai san hanyar ƙasar nan ba. Ita kuma ta ce ai ba gadon take ja da shi ba, wuyan yaron mutane take magana. Suka ɗan yi sama-sama, shi yana kiran ta uwar tuwo, ita tana ce masa tsohon kawai.

Dabo dai yana kallon tururuwa.

Sai Babandi ya gyara zama, ya saki muryar mai gaskiya a hannu.

"To bari in kashe miki baki. Likitan da kike taƙama da shi, shi da kansa ya ce a ci gaba. Wata biyu da suka wuce da ya sake masa sabon siminti, cewa ya yi ƙahon na taimakawa, a sake buɗe tagar. Ba don haka ba da ban taɓa sabon ba. Dabo, faɗa mata."

Shiru.

"Dabo."

Shiru.

"Kai, ko barci ka yi? Faɗa mata abin da ka faɗa mini."

Iya Lami ta sauke wata irin ajiyar zuciya. Da ta sake magana muryarta ta yi sanyi, kuma wallahi gara faɗan da wannan sanyin.

Ta ce ga abin da tafinta ya gaya mata. Wata biyu da suka wuce likita ya ga yankan, ya tambayi Dabo wa yake buɗewa, Dabo ya ce babu kowa. Likita ya sa aka gaya masa da Hausa har sau uku, ya kuma sa shi ya maimaita da bakinsa: ƙashin da aka dasa kamar ɗanyen daɓe yake, in an bar shi zai bushe ya yi ƙarfi, in ana taka shi duk mako ba zai taɓa bushewa ba. Duk juya kan da aka yi, abin da ya fara kamawa ne yake sake rabuwa. Shekaranjiya kuma likita ya soka masa allura a yatsu huɗu, biyu kawai ya ji. Ya ce sati shida ya rage masa. In an bar wuyan ya huta, akwai rabo. In ba a bari ba, hannuwa za su fara tafiya, ƙafafu su bi.

"Ya ce in gaya wa ko wane ne, in dai ba so yake ya ga ana juya Dabo a kan tabarma kamar jariri ba, ya cire hannunsa."

Hannun da ke kan kafaɗar Dabo ya ɗaga.

Wurin ya yi sanyi nan take.

"Dabo," in ji Babandi, a hankali ƙwarai. "Abin da matar nan ta faɗa, ka san shi?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka sake simintin."

"Ka sani, ka dube ni..."

"Ban dube ka ba, Baba. Bango na duba. Da ina kallonka da ban iya ba."

"Ka ce mini likita ya ce a ci gaba."

"Ni na ce. Shi bai ce ba."

Ƙaho ɗaya ya saki ya faɗo kan tabarma, jini ya gangaro ya shiga cikin simintin. Ba wanda ya goge.

"Don me?"

Dabo ya daɗe yana tsoron ranar nan, ya sha shirya abin da zai faɗa, amma da ta zo duk sai suka gudu, gaskiyar kawai ta rage tsirara.

"Da na ce maka an hana, me za ka yi?"

"Sai in daina mana."

"Sai ka daina zuwa."

"Wa ya ce..."

"Sai ka tsaya daga bakin ƙofa ka ce ya jiki. Sati biyu, sati uku. Daga nan ka aiko a ce Babandi yana gaishe ni. Na ga yadda ake yi, Baba, a gabana aka yi ta yi."

Iya Lami ta ce, "Haba Dabo, a kan hira za ka ba da hannuwanka?"

"Iya, ba hira ba ce."

Ya ci gaba, fuskarsa a bango.

"Wata takwas babu hannun da ya taɓa jikina sai nasa da na likita. Shi likita da allura yake taɓa ni. Ina zaune a nan daga asuba zuwa asuba, ina jin mutane suna wucewa ta bayan bangon nan suna dariya, muryoyin da na sani, waɗanda muka ci abinci a akushi ɗaya. Wani lokaci sai in yi tari da ƙarfi ko wani zai tuna akwai mutum a ciki. Ran Juma'a Baba zai zo ya dafa mini kai. In ya dafa sai in tuna ni ma ɗan wani ne, an taɓa goya ni."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Na san abin da yake yi mini. Ina jin sa har cikin yatsu. Duk Alhamis sai in ce gobe zan faɗa masa. In na jiyo zabira ta lungun rijiya sai in ce bari dai wannan satin ya wuce."

Babandi ya ce, "Da ka ce mini in zo in zauna kawai. Ba aska, ba ƙaho."

"Da ka zo?"

Tsoho ya buɗe baki.

Ya rufe.

Ni na san Babandi, ba ya ƙarya, abin da ya hana shi amsawa ke nan. Juma'a ranar cin kasuwar wanzami ce, kawuna na jere suna jiran sa kafin a tafi masallaci. Yana raɓa Dabo a cikin layin ne saboda aiki ne, mai sana'a kuma ba ya barin aiki a tsakiya. Amma a ce ya ajiye aska ya zo ya zauna haka kawai yana kallon mara lafiya? Sau ɗaya zai yi, ko sau biyu don kunya. Shi ma ya sani, Dabo ma ya sani.

Iya Lami ce ta fara sharar hanci da bakin zane.

"Ni ma ban taɓa zama ba," ta ce, kamar da kanta take magana. "Sau biyu kullum ina shigowa ɗakin nan. Ko sau ɗaya ban taɓa kai gwiwata ƙasa ba."

Da a nan maganar ta tsaya da an ji daɗi. Sai dai kunya in ta kama dattijo ba kasafai take fitowa a kunya ba, fushi take zama.

Babandi ya cire ɗaya ƙahon da ƙarfin da bai saba ba. Dabo ya ji yana tattara kaya, aska tana faɗuwa yana sake ɗauka.

"Rabin mazan da aka haifa a Sabo ni na yi musu kaciya. Ni na cire musu belu. Ko ɗaya bai taɓa lalacewa a hannuna ba, ko ɗaya."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Duk Juma'a in na fita daga nan, har zaure nake tsayawa in ce wa Maikuɗi yaronka na samun sauƙi a hannuna. A masallaci na faɗa. A tasha na faɗa. Ina murna, ina cewa abin da Bature ya kasa ni zan gama. Ashe ni nake karya ka. Sati-sati, da hannun nan, ina ba ka labarin mesa ina karya ka."

"Ba laifinka ba ne."

"To na wa ne? Ranar da aka fito da kai a naɗe, wa za a nuna? Kai kana can ka huta, ni ne zan bi lungunan nan ana janye yara daga gabana."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ka so a taɓa ka, sai ka ari hannuna ka kashe kanka da shi, ko tambayata ba ka yi ba. To ka ji. Na rantse da Allahn da ya halicce ni, hannuna ba zai sake taɓa jikinka ba."

"Subhanallahi," in ji Iya Lami. "Malam Babandi, ka yi saurin baki. Dubi tabarma."

Murfin yana nan inda aka ajiye shi. Ƙeyar Dabo a buɗe, jini na tsattsafowa, babu abin da ya tallafe kan ta baya.

"Mayar masa tukuna, in ya so ka tafi."

"Na riga na rantse."

"To ni na iya ne? Ban san gabansa da bayansa ba."

"Ga ƙaro nan na bar miki."

Wani ɗan ƙulli ya faɗo kan tabarma. Takalma suka ja ƙasa a bakin ƙofa.

Iya Lami ta ɗauki murfin tana juya shi, ta gwada ta nan ya ƙi, ta gwada ta can ya ƙi. Ta ajiye. Ta ce wa Dabo don girman Allah kada ya motsa, ko numfashi ya yi a hankali, bari ta jiƙa ƙaron a bakin rijiya ta kira Maikuɗi ya zo ya sa baki. Ta fita da gudu-gudu, warwaronta na kaɗawa.

Ɗakin ya koma yadda yake, shi da bango.

Ya kasa kunne.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Zabira tana nisa, ta nufi lungun rijiya. Ya bi ta da kunne kamar yadda yake bin ta in tana zuwa, sai dai yau baya take yi.  Sati shida aka ce. Ya hango su a jere, sati shida babu Juma'a a ciki, daga nan kuma ko ya warke ko bai warke ba, tsohon ya riga ya rantse.

"Baba."

Muryar ba ta fita sosai ba.

"Baba!"

Ƙarar ta tsaya.

Dabo ya riƙe numfashi. Bai ji ta ci gaba ba, bai kuma ji ta dawo ba. Ko tsohon ya sha kwana ne sautin ya ɓace? Ko yana tsaye? Ya ji kamar motsin ƙafa, ya ji kamar ba motsi ba ne, iska ce a ganyen ayaba. Hasken da ke kan bango ya ɗan dushe ta gefe ɗaya, ko kuma idonsa ne da ya cika da ruwa.

"Baba, kai ne?"

Ba amsa.

Ya san abin da aka gaya masa. Sau uku aka faɗa, ya maimaita da bakinsa. Ya san babu murfi, ya san haɓar a kankare take. Duk ya sani. Amma in tsohon ne a tsaye yana jira a ce masa wani abu, ya gaji ya juya fa?

Dabo ya waiwaya.

Wata takwas rabonsa da ya juya kansa da kansa, sai ga ƙofa, ga hasken hantsi, ga Babandi a tsaye a kan dokin ƙofa. Babu zabira a kafaɗarsa, ya baro ta can a lungu. Ya tuɓe takalma, gemunsa jiƙe da hawaye, hannuwansa biyu a baya kamar yaron da aka hana taɓa abu. Zama ya dawo yi.

Dabo ya fara murmushi.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, kamar an taka busasshen kara a ɗaki na gaba. Amma daga cikinsa ta fito, kuma su biyun duk sun ji ta.

"Kada ka motsa," in ji Babandi. "Dabo, kada ka motsa, ga ni."

Tsoho ya manta da rantsuwa, ya manta da gwiwa. Taku biyu ya yi ya zube a gabansa, ya tallafe masa ƙeya da hannu ɗaya, ya damƙi hannunsa na dama, mai lafiyar, da ɗayan, ya ɗago shi yana matsawa.

"Ga ni nan, ba inda za ni. Matsa hannuna. Matsa in ji."

Dabo ya zuba wa hannuwan ido. Ga nasa, ga na Babandi a kai, baƙi mai jijiyoyi, yana matsa shi har farcen tsohon ya yi fari.

"Baba," ya ce, "ka riƙe ni ne?"